Yaro Ya Faɗi, Haƙori Ya Karye Ko Ya Fice: Tambayoyin Iyaye da Amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne iyaye suka fi yi mana, wasu a ɗakin haƙori, wasu a taron iyayen yara a makarantu, wasu ma a gidan suna idan aka ji aikin da mutum yake yi. Abin da ya sa na tara su wuri guda shi ne wani abu da na gaji da gani a nan Garwa: uwa ta shigo da yaro kwana biyu ko uku bayan ya faɗi, ta kwance haɓar zane, ta fito da haƙori a bushe ƙayau, ta ce, "Malama, ko akwai dabara?" Iya saninta ta adana shi da kyau. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa kofin madara ya fi haɓar zane, balle a ce ita da kanta za ta iya mayar da shi tun a tsakar gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wajen yaro ɗaya cikin biyar, daga haihuwa zuwa shekara 12, yana samun irin wannan rauni, don haka da wuya gida mai 'ya'ya ya ce babu ruwansa.

Wai da gaske ne haƙorin da ya fice gaba ɗaya ana iya mayar da shi ya kama?

Da gaske ne, muddin haƙorin girma ne, wato wanda ya tsiro bayan famfara. Mutane da yawa na ɗauka haƙori a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako. Ba haka Allah ya yi shi ba. Tsakanin saiwar haƙori da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn tantani mai rai, cike da ƙananan zaruruwa da ke ɗaure saiwar da ƙashin. Idan bugu ya fitar da haƙori, tantanin nan yagewa yake yi gida biyu, rabi ya saura a ramin, rabi ya biyo saiwar. In aka mayar da haƙorin tun rabin da ke jikin saiwa yana da rai, sai su sake haɗewa, kamar yadda yankan wuƙa a yatsa ke haɗewa.

Bushewa ce ke kashe tantanin. Duk wanda ya taɓa dashen masakwa a karal, ko dashen albasa a lambunan Marwa, ya san ba a tumɓuke iri a bar saiwarsa a rana. Ƙa'idojin da ƙungiyar likitocin raunin haƙori ta duniya, IADT, ta fitar a 2020 sun ce haƙorin da aka mayar nan take ko cikin minti 15 shi ya fi samun damar kamawa daram. Wanda ya yi minti 30 a bushe, yawancin ƙwayoyin tantaninsa sun mutu. Wanda ya wuce minti 60 a bushe kuwa, ana ɗaukar babu sauran mai rai. Lokacin da ya yi a bushe ake ƙirgawa, shi ya sa haƙorin da aka jefa cikin madara tun a minti na biyar zai iya jiran doguwar tafiya. Mu da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, iskar hunturu kuma ke busar da wanki kafin a juya, ai ba sai an yi mana dogon bayani a kan bushewa ba.

Yaya zan gane haƙorin nono ne ko na girma? Ni duk ɗaya nake ganin su.

Haƙoran nono 20 ne. Suna fara tsirowa wajen wata 6, su cika kafin yaro ya gama shekara 3. Na girma 32 ne, idan aka haɗa da turame huɗu na can ƙarshe da ke fitowa bayan an balaga. Famfara na farawa wajen shekara 6 da haƙoran gaba na ƙasa, na gaba na sama su biyo baya tsakanin shekara 7 da 8. Waɗannan biyun na sama su suka fi shan bugu, don su ne a bakin ƙofa.

To, ɗan shekara 4 da ya zubar da haƙorin gaba, na nono ne. Ɗan shekara 9, na girma ne. Rikicin yana tsakanin 6 da 8, ga shi ba kowane yaro ke da takardar haihuwa ba. Amma uwa ba ta manta giɓin ɗanta. Ki tambayi kanki, ya taɓa yin famfara a wannan gurbin? In ya yi, wannan shi ne na ƙarshe da zai samu. Ga kuma kama: na nono ƙarami ne, fari fat, na girma ya fi faɗi, ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, kuma sabon fitowa yana da ɗan tsaga-tsaga a bakinsa kamar zarto. In har kokwanto bai fita ba, kada ki tura shi cikin dasashi. Ki sa a madara ku tafi.

To, ga yaro yana kuka, jini a baki, haƙori a ƙasa. Me zan fara yi?

Ki fara da yaron kafin haƙorin. Yana cikin hayyacinsa, yana magana, ya gane ki? In haka ne, ki zaunar da shi, ki rarrashe shi, ki sa wani ya nemo haƙorin. A ɗauke shi ta kansa, wato farin ɓangaren da ake gani idan an yi dariya, kada yatsa ya taɓa saiwar. Idan ƙasa ta manne masa, a ɗauraye shi a hankali da madara ko ruwan serum (ruwan gishirin asibiti da ake wanke hancin jarirai da shi) ko yawun yaron, na 'yan daƙiƙoƙi kawai. Daga nan ki dubi ɗan'uwansa da ke gefe don ki ga yadda zai fuskanta: fuskar da ta yi sumul tana kallon leɓe, mai ɗan kwarmi tana kallon cikin baki. Ki zura saiwar a ramin, ki danna da yatsa sannu sannu har tsawonsa ya zo daidai da na maƙwabcinsa. Ki ninka hankici mai tsabta ya ciza a kai don kada ya motsa, ku kama hanyar asibiti.

Na san yadda wannan magana ke sauka a kunne. Iyaye mata kan riƙe baki su ce, "Ni? Wallahi ba zan iya ba." Amma Hajiya, hannun da ke yi wa jariri ɗan kwana ɗaya wanka ba wannan ne zai gagare shi ba. Ramin nasa ne, yana shiga da sauƙi fiye da yadda ake zato, kuma ko ya ɗan karkace likita zai gyara masa zama. Idan ya cije ya ƙi shiga, kada a tilasta masa, wataƙila ƙashin wurin ya tsage. Ba a mayarwa a gida ga yaron da bai dawo hayyacinsa ba, don zai iya shaƙe shi, haka ma mai ciwon zuciya mai tsanani ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni sosai. Waɗannan sai likita ya duba.

In ban iya mayarwa ba, a cikin me zan sa shi? Nono zai yi?

Takardun da aka rubuta a Turai cewa kawai suke yi a sa a madara, alhali mu nan abin yana da 'ya'ya da yawa, don haka bari in tsaya a kai. Abin da ake nufi shi ne madarar da ba ta yi tsami ba: wadda aka tatso yau, da Fulani ke kira biraɗam, ko ta kwali da ake sayarwa a kanti. Mai sanyi ta fi. Gishirinta da kaurinta sun yi kusa da na ruwan jikin mutum, shi ya sa ƙwayoyin tantanin ke iya rayuwa a cikinta na 'yan sa'o'i. Nono mai tsami da kindirmo da yogot ba za su yi ba, tsamin yana lalata su. Haka ma madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi ta teburin mai shayi. In ta gari ce kawai a gidan, a dama ta da ruwa mai tsabta kamar yadda za a sha, ba sukari, ba zafi.

Akwai wani abu da ke kusan kowane gida mai ƙananan yara, mutane ba su san yana wannan aiki ba: ƙunshin garin gishiri da sukari na masu zawo, wanda a asibiti ake kira SRO. Jagoran taimakon gaggawa da ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka da Red Cross suka sabunta a 2020 ya sa shi a sahun gaba na abubuwan da ake ajiye ficaccen haƙori a ciki. A haɗa shi a lita ɗaya kamar yadda aka rubuta a jikinsa, a ɗebi kaɗan a kofi. 'Yan robobin serum da ake wanke hancin jarirai da su ma suna yi. In duk babu, yaron ya tofa yawu a ƙaramin kofi ko murfin kwalba, a tsoma haƙorin a ciki. Babban yaro mai hankali zai iya riƙe shi a kumatu, amma ni ba na son wannan ga ƙarami, balle a bayan kilando, wato babur ɗin haya, a hanya mai ramuka, don haɗiye shi zai yi.

Ruwa zalla, na famfo ko na rijiya ko na leda, shi ne na ƙarshe. Yana shiga ƙwayoyin su kumbura su fashe. Sai dai da babu gara ba daɗi, ya fi a bar shi a bushe. Takarda, auduga, tsumma da aljihu kuwa, duk shanye masa danshi suke yi.

Amma a kwata ya faɗa. Ba zan wanke shi da sabulu ko ruwan Javel na kashe ƙwayoyin cuta ba?

A'a, Baba. Ba sabulu, ba Javel, ba alkol, ba buroshi, ba a kuma kankare 'yan naman da ke jikin saiwar da farce. Wannan abin da kake gani kamar datti shi ne ran haƙorin. Garin gyaran gira kada a rasa ido. Ɗauraya kawai ake yi, ƙwayoyin cutar da suka saura kuma aikin maganin da likita zai rubuta ne.

Jinin ya tsorata ni. Yaushe ne maganar ta wuce ta haƙori?

Baki wuri ne mai jini, kuma idan jini ya gauraya da yawu sai ya zama kamar an yanka rago. A ninka ƙyalle mai tsabta a danne wurin minti 10 cur, ba a ɗagawa ana leƙawa. Yaron ya zauna ya ɗan sunkuyar da kai gaba don kada ya riƙa haɗiye jinin. Yawanci zai tsaya. In ya ƙi, ko yaron dama yana da lalurar da jininsa ba ya saurin daskarewa, sai sashen gaggawa.

Bugun da ya isa ya tumɓuke haƙori ya isa ya girgiza ƙwaƙwalwa, musamman faɗowa daga bishiyar mangwaro, daga kan katanga, ko haɗarin babur. Idan yaro ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko yana amai, ko barci na ta fizgar sa, ko maganarsa ta rikice, ko jini ko wani ruwa na fita ta kunne, a jefa haƙorin a madara a nufi babban asibiti kai tsaye. Kai ya riga haƙori. Sannan ki sa ya haɗa haƙoransa. In ya ce ba sa haɗuwa kamar da, ko ba ya iya buɗe baki sosai, ko yana jin zafi a gaban kunne bayan ya bugu a haɓa, ana zargin karayar muƙamuƙi. Wannan karaya ta gaban kunne takan ɓuya, ana ɗinke yankan haɓa a sallami yaro, sai bayan shekaru a ga baki ya karkace ko ya ƙi buɗewa.

Mu a ƙauye muke, kafin mu kai wurin likitan haƙori an yi sa'o'i. Akwai amfanin tafiya?

Akwai. Gaskiya ne likitocin haƙori a arewacin Kamaru sun fi taruwa a Garwa da Marwa da Ngaundare, mutanen Kusuri kuma gadar Ngeli ce tsakaninsu da Njamena. Daga Gidar zuwa Garwa kusan kilomita 100 ne, ga jiran mota ta cika. Nisan nan shi ne babbar hujjar mayar da haƙori a inda abin ya faru, don babu abin ajiya da ya kai ramin da ya fito. In hannunka na rawa, ka kai shi ƙaramin asibitin garinku ka roƙi ma'aikacin jinya ya mayar, yana da safar hannu da serum. Ƙungiyar IADT tana da manhajar waya kyauta mai suna ToothSOS da ke nuna matakan da hotuna. Idan kun iso birni, ku nemi ƙofar da aka rubuta Odonto-stomatologie ko Cabinet dentaire. In dare ne ko Lahadi, ku shiga sashen gaggawa, kada ku ce sai Litinin.

Ko da haƙorin ya riga ya bushe, ka zo da shi. Sau da yawa ana mayar da shi duk da haka. Ba zai kama irin kamun asali ba: saiwar mannewa take yi da ƙashi, jiki ya riƙa cinye ta a hankali har wata rana haƙorin ya tafi. Amma kafin nan yakan yi shekaru yana toshe giɓin, yana riƙe ƙashin wurin kada ya shanye. Wannan ba ƙaramar riba ba ce, domin dashen haƙori na ƙarfe ba a yi wa yaro sai muƙamuƙinsa ya gama girma, kuma kuɗinsa ba na kowa ba ne.

Me likita zai yi, kuma sau nawa za mu dawo?

Zai ɗauki hoto, wanda a asibitocinmu ake ce wa radiyo, ya tabbatar haƙorin ya zauna daidai. Sai ya manna siririyar waya a jikinsa da maƙwabtansa, kamar yadda maɗori ke sa karan ɗori, na mako 2. In ƙashin wurin ya tsage, ana kai wa mako 4. Yakan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin, da ruwan kurkure baki. A gida abinci mai laushi na mako biyu: kunu, fate, tuwo da miya mai ruwa. Ba rake, ba ƙashi, ba ƙwallo. A ci gaba da goge baki da buroshi mai laushi, a ɗaga wa asuwaki ƙafa a wannan gefen.

Inda iyaye suka fi ɓata aikin shi ne bayan an cire wayar. Jijiyar da ke cikin haƙori tsinkewa take yi lokacin da ya fice. In saiwar ta gama ƙosawa, wanda ga haƙoran gaba na sama yake faruwa wajen shekara 10, dole a cire mataccen ɓargon cikin mako biyu da mayar da haƙorin, daga baya a cike ramin, in ba haka ba ruɓarsa za ta cinye saiwar. Ga ɗan shekara 7 ko 8 da bakin saiwarsa ke buɗe, akan jira a gani ko jini zai sake shiga da kansa. Ana dawowa dubawa a mako 2, mako 4, wata 3, wata 6, shekara guda, sannan sau ɗaya kowace shekara har tsawon aƙalla shekara 5. Da yawa sukan ɓace da zarar zafi ya tafi, sai kumburi ya dawo da su.

Me ya sa na nono ba a mayar da shi?

Saboda magajinsa yana kwance a saman saiwarsa cikin ƙashi, bai gama ƙira ba. Tura haƙorin nono cikin ramin zai iya sokar wannan ɗanyen haƙori ko ya kai masa ƙwayoyin cuta. A tsayar da jini, a ba yaro abinci mai laushi, a kai shi a duba. Giɓin zai daɗe, don na girma ba ya gaggawa saboda wani ya tafi da wuri. Ɗan shekara 3 zai jira har wajen shekara 7 ko 8, kuma ba don ƙadangare ya ga giɓin ba ne, kamar yadda aka tsorata mu da shi muna yara.

Amma kada "ai na nono ne" ta sa a yi sakaci. Bugun da ya sami haƙorin nono, musamman kafin shekara 3, yana iya barin tabo a magajinsa: ya fito da fari ko ruwan ƙasa a fuskarsa, ko a lanƙwashe, ko ya ƙi fitowa. Ki riƙe tarihin faɗuwar, ki gaya wa likita ko bayan shekaru ne.

Bai fice ba, gutsurewa ya yi.

A nemi gutsuren a sa shi a madara ko serum, sau da yawa ana manna shi ya koma kamar ba a yi ba. In ba a samu ba akwai farin ciko mai launin haƙori. Ki leƙa wurin da ya karye: in kin ga ɗigon ja ko jini na tsattsafowa daga tsakiyar haƙorin, jijiya ta bayyana, a je a ranar, don akwai damar rufe ta tun tana da rai. In babu ja amma yana jin tsami da iska ko ruwan sanyi, kwana ɗaya ko biyu ba laifi, kada dai ya zama wata. Idan leɓe ya fashe kuma ba a ga gutsuren ba, a gaya wa likita kafin a ɗinke, don yakan maƙale cikin naman leɓen.

Yana girgiɗi, ko ya karkace, ko ya nutse cikin dasashi fa?

Kada a yi ta taɓa shi ana gwadawa, kada kuma a kai wa wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa ya ƙarasa shi. Haƙorin girma mai girgiɗi yawanci yana sake ƙarfi in an gyara masa zama an ɗaure shi da wuri. Wanda ya nutse kuwa yakan yaudari mutane, a yi ta neman sa a ƙasa alhali yana cikin ƙashi. Na nono da ya nutse sau da yawa yana sake fitowa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara. Na girma sai likita ya auna zurfinsa ya yanke shawara. In an nemi haƙori an rasa, yaron kuma ya kama tari ko numfashinsa ya sauya, ana ɗaukar hoton ƙirji, don yana iya faɗawa hanyar iska. Wanda ya tafi ciki dai zai fita da kansa.

Wane magani zan ba shi na zafi? Kakarsa ta ce a gasa wurin da ruwan zafi.

Ki ba Inna haƙuri, ranar farko sanyi ake so. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora a leɓe ko kumatu, zafi yana ƙara jini da kumburi. Parasitamol ya isa, gwargwadon nauyin yaro, wajen miligiram 15 ga kowane kilo, a bar aƙalla sa'a 6 tsakani. Ba a ba yaro asfirin, ba a kuma dandaƙa shi a ɗora a dasashi, ƙona naman yake yi. Tramol na masu talla a tire ko kusa. Kanwa, garin taba, toka, man birki da ruwan batir, duk na ga an sa, kuma ƙunar da suke bari takan fi raunin farko wuyar warkewa. Daga washegari, babban yaro zai iya kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Allurar sarƙe-haƙora, wato tetanus, dole ce?

In haƙorin ko raunin ya taɓa ƙasa, a zo da karnen rigakafin yaron. Allurar Penta da ake yi wa jarirai a mako 6, 10 da 14 tana ɗauke da rigakafin wannan cuta, amma ƙarfinta na raguwa da shekaru. Ma'aikacin lafiya zai duba ya ga ko ana bukatar ƙari.

Idan yaro na taune-taune, ba cokali ake sa masa a baki don kada ya haɗiye harshe ba?

Wannan al'ada ta karya haƙora da yawa, musamman a damina lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke sa yara jijjiga. Mutum ba ya haɗiye harshensa, a ɗaure yake a ƙasan baki. Cokalin da ake ɓanɓare muƙamuƙi da shi shi ke fasa haƙori, ya yaga dasashi, gutsuren kuma ya faɗa maƙogwaron yaron da ba ya cikin hayyacinsa. Mai farfaɗiya ma haka. A kwantar da shi a gefensa, a kawar da wuta da abin da zai buge shi, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko manja a wannan hali. In jijjigar ta kai minti 5, ko da zazzaɓi ta zo, sai asibiti. Ko ya ciji harshe, wannan yana warkewa.

Wata biyu da faɗuwa, haƙorin ya yi duhu, amma ba ya masa ciwo. In ƙyale?

Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce a nan, mataccen haƙori ba ya jin komai. A haƙorin nono duhun yakan washe da kansa, kuma in babu kumburi akan sa ido kawai. A na girma, duhu yawanci na nufin jijiya ta mutu, sai an yi aiki. A kowanne, ki riƙa ɗaga leɓen kina duba dasashin da ke sama. Ɗan ƙurji mai fitar da mugunya, wanda ke fashewa ya dawo, alama ce ta ruɓa a ƙarshen saiwa. Kumburin fuska da zazzaɓi kuwa ba a kwana da su a gida.

Yara dai sai sun yi wasa. Akwai abin da za a iya karewa?

Ba duka ba. Mai koyon tafiya sai ya faɗi. Amma ɗora yara uku ko huɗu a kan babur ɗaya zuwa makaranta, na gaba a kan tanki, bakinsa daidai kan ƙarfe, ba hular kwano, wannan mu muka zaɓa. Buɗe kwalbar lemo da haƙori, fasa ƙwallon goruba, tauna ƙanƙara, duk a wurin manya suke koya. Yaron da haƙoransa na sama suka turo gaba har leɓe ba ya rufe su ya fi sauran haɗari, kuma tsotsar yatsa bayan shekara 3 ko 4 na ƙara turo su. Mai wasan dambe ko kokawa ko ƙwallo da gaske, akwai robar kare haƙori da ake sawa a baki. Sai wata magana da ba a son faɗa: wasu haƙoran da ake kawo mana da sunan faɗuwa, mari ne ko kan bulala ya same su. Fuska ba wurin horo ba ce, a gida ko a makaranta.

Yawanci ina kasuwa lokacin da irin wannan ke faruwa. Wa zan koya wa?

Wanda ke tsaye a wurin shi ke da mintocin nan 15, kuma da wuya ya zama kai ne, Alhaji. Yayarsa ce, ko malamin aji, ko gardin makarantar allo, ko saurayin da ke horar da su ƙwallo a filin unguwa. A taron iyaye na gaba ka nemi a ajiye ƙunshin SRO biyu ko uku, 'yan robobin serum, da ƙaramin kofi mai murfi a ofishin shugaban makaranta, tare da lambar wayar ɗakin haƙori mafi kusa. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Shi kansa yaron ka zaunar da shi ka gaya masa: ka nemo haƙorin, ka riƙe ta farin kai, ka mayar ko ka sa a madara, ka kira babba. Ɗan shekara 10 da ya haddace sunayen 'yan ƙwallon ƙungiyar Coton Sport ta Garwa har da na benci zai riƙe wannan.